Ku fara neman izinin wuta

'Yan uwa masu shirya biki, in aikin auren Hindu ya faɗo muku a babban otal a Dubai ko Fuket ta Tailan, ku karɓi izinin kunna wuta a rubuce kafin ku ba da kafin alƙalami. Wutar Agni, wato wutar ibadar Hindu da ake hurawa, ita ce shaidar auren, sai ango da amarya sun zagaya ta a mandap, rumfar da ake ɗaura auren a cikinta. A gabana wani otal ya hana kunna ta cikin zaure, don hayaƙin man shanun da ake zuba mata yana tayar da ƙararrawar gobara. Uwar amarya har da hawaye, abin ya taɓa ni. Ku kafa rumfar a fili, ku kuma tanadi abin tare iskar bakin teku.