Yadda ake binciken siginar Wi-Fi da iw a Linux

Idan intanet na gida ko na shago yana yawan tsinkewa alhali data ba ta ƙare ba, sau da yawa cunkoso ne: rautarka (router, na'urar da ke rarraba Wi-Fi) da ta maƙwabta sun taru a tasha (channel) ɗaya. Manhajar iw tana nuna maka hakan ƙarara. A Ubuntu ko Debian, buɗe Terminal ka rubuta:

sudo apt install iw

Daga nan rubuta iw dev domin ka san sunan katin Wi-Fi na kwamfutarka. Kada ka ɗauka wlan0 ne. A yawancin laftof na yanzu sunan kan zama kamar wlp2s0. Da sunan katinka za ka yi binciken, ka sa shi a madadin wlp2s0:

sudo iw dev wlp2s0 scan | grep -E "SSID|signal|freq"

Me ya kawo sudo? Bincike yana tilasta wa katin barin tashar da yake kai, ya zaga sauran yana aika saƙon neman amsa, kuma Linux ba ya barin kowa ya juya kati haka sai mai iko. Idan ka manta da sudo, amsar da za ka samu ita ce "Operation not permitted (-1)". In tsohon sakamako kawai kake son gani, iw dev wlp2s0 scan dump ya isa, ba sai da sudo ba.

Akwai kurakurai uku da suke yawan tare mutane. "Network is down (-100)" na nufin katin a kashe yake. Tashe shi da sudo ip link set wlp2s0 up. "Device or resource busy (-16)" kuwa NetworkManager, manhajar da ke kula da haɗin intanet, ne ya riga ka fara bincike, ka jira daƙiƙa biyar ka sake. In kuma ka ga RF-kill, wato an kulle rediyon katin, duba da umarnin rfkill list. Idan "soft" ne, sudo rfkill unblock wifi zai buɗe shi. Idan "hard" ne, babu umarnin da zai yi, maɓallin jikin laftof ɗin ne ko Fn.

Wajen karanta sakamako, SSID sunan Wi-Fi ne, sigina -50 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina) mai ƙarfi ce, -80 kuwa da ƙyar take. Lambar freq ita ce tasha: 2412 tasha 1 ce, 2437 tasha 6, 2462 tasha 11. Waɗannan ukun ne ba sa hawa kan juna a zangon 2.4 GHz, don haka ka shiga saitin rautarka ka zaɓi wadda maƙwabta masu ƙarfin sigina suka bari.