Yadda na hana batirin motata mutuwa cikin dare

Tun da na mayar da ƙaramar motar kayata ɗakin kwana, ba ta tashi da safe. Na sauya batir, aka duba altaneta, wato na'urar da ke cajin batir idan inji na aiki, lafiya lau. Ashe firij da fitilun ciki ke shanye batirin tayar da inji.

Sai na ƙara batir na biyu, na mayar da firij da fitilun kansa. Tsakanin baturan na sa makunni mai aiki da kansa: yana haɗa su idan caji ya kai volt 13.3, ya raba su idan ya sauka zuwa 12.8, don kada a shanye batirin tayar da inji. Na yi amfani da waya mai kaurin sikwaya milimita 16, nan ba wurin maƙo ba ne, da fis kusa da kowane batir. Na kankare fenti kafin in ɗaure wayar nagatif ta batir na biyun a jikin mota.

Alhamdulillahi, yanzu murɗa makulli ɗaya take tashi.