Ta ina za ka fara jin Gilberto Gil da Caetano Veloso

Samarin fadarmu a Yamai masu koyon gita sukan tambaye ni da me za su fara a kiɗan Brazil. Nakan tura su wajen aminai biyu 'yan jihar Bahia, Gilberto Gil da Caetano Veloso, dukansu haihuwar 1942, amma da sharaɗin kada su faro da kundin haɗin gwiwarsu na 1968. Kunnen da bai saba ba hayaniya zai ji a ciki.

Fara da kundin Refavela na Gil. Ya yi shi a 1977 bayan dawowarsa daga bikin FESTAC na Legas, shi ya sa gangunan ba za su yi maka baƙunta ba. Kada ka nemi fassarar Fotugis tukuna, sa kunne kan hannunsa na dama, domin Gil kaɗa gita yake kamar kalangu. Sai ka koma Transa na Caetano, na 1972, wanda aka naɗa a Landan. Muryarsa siririya ce, yana jan kalma a hankali. In ka iya rarrabe muryoyin nan ido rufe, ka shirya.

Daga nan, ranar da rezo ya yi kyau, sauke bidiyon gasar waƙa ta tashar TV Record ta São Paulo, ta 1967, daga YouTube. Nan ne wurin tsayawa. A lokacin masu kishin kiɗan gida na ganin gitar lantarki kayan Amurka ce, har an yi zanga-zangar ƙin ta a shekarar (abin dariya, Gil kansa yana cikin masu tattakin). Wata 'yan kaɗan sai ga shi a dandali da ƙungiyar Os Mutantes da gitar lantarkinsu, ya rera Domingo no Parque ya zo na biyu, Caetano kuma ya zo na huɗu da Alegria, Alegria. Dubi 'yan kallo, wasu tafi, wasu ihu. Bayan wannan ne kundin nan na 1968, Tropicália ou Panis et Circencis, da suka yi da Gal Costa da Tom Zé, zai shiga kunnenka.

Ka kuma san a lokacin sojoji ke mulkin Brazil, tun 1964. An kama su biyun a Disamba 1968, suka yi gudun hijira a Landan daga 1969 zuwa 1972. Waƙar Aquele Abraço bankwanan Gil ce, duk da kiɗan biki da ke cikinta.

Zaman Gil ministan al'adu a gwamnatin shugaba Lula, 2003 zuwa 2008, ba abin da zai ƙara wa yatsunka. Nemi wasansu na 2015, Dois Amigos, dattawa biyu da gita biyu kawai. Rage saurin bidiyon zuwa rabi, bi hannun Gil da farko, ka bar abokinka ya ɗauki na Caetano.