Ka Sauke Akwatin Nan: Yadda Ake Zama Tsakanin Gida Biyu

Shekara tara akwatina yana saman kabad, ko 'yar takardar da aka liƙa masa a filin jirgi ban cire ba. Ban sa labule ba, ban buga ƙusa a bango ba, kujerun ɗakina ma masu sauƙin sayarwa na zaɓa. Duk wanda ya tambaye ni yaushe zan dawo, amsata ɗaya ce: "Saura shekara biyu, in sha Allahu." Yau ina cikin shekara ta 16 a ƙasar da ba a haife ni ba. A nan har gobe ana tambayata daga ina nake, a can kuma in na je ana tambayata yaushe zan koma. Idan kai ma haka kake, kamar jemage, tsuntsaye ba su ɗauke ka nasu ba, dabbobi ma haka, ga abin da ya taimake ni.

Fara da akwatin. Zaman wanda ke jiran mota ya fi kowane zama gajiyarwa, domin ba ya miƙe ƙafa, ba ya sabo da na kusa da shi. Wani mai nazarin zamantakewa, Muhammad Anwar, ya bi rayuwar 'yan Pakistan mazauna Birtaniya, a 1979 ya kira abin da ya gani tatsuniyar komawa gida: mutum ya yi shekara da shekaru yana shirin tafiyar da ba za ta zo ba. Ban ce ka cire komawa daga ranka ba. Ka yanke mata rana ta gaskiya, misali bayan shekara uku, ka rubuta abin da za ka duba a ranar: aiki, karatun yara, lafiyar iyaye. Kafin ranar, ka zauna zaman ɗan gari. Ka sa labule, ka san sunan maƙwabcinka, ka ƙware a harshen mutanen fiye da na saye da sayarwa.

Takardu kuma kada ka yi musu sakaci, su ne ke yanke wa mutum hukuncin da bai shirya ba. A Birtaniya, izinin zama na dindindin yana faɗuwa in ka yi shekara biyu a jere a waje. A Amurka, mai katin zama da ya wuce shekara guda a waje ba tare da izinin sake shiga ba yana iya rasa matsayinsa. Sin da Indiya ba su yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu ba, Jamus kuwa ta buɗe wannan ƙofa a watan Yunin 2024. Ka karanta dokar inda kake da ta inda ka fito tun ba ka buƙace su ba.

Sai zaɓin abin riƙewa. John Berry, masanin halayyar ɗan Adam a Kanada, ya ce tambaya biyu ce ke gaban duk baƙon da ya daɗe: zan riƙe abin da na zo da shi? Zan cuɗanya da waɗanda na tarar? Wani ya yar da nasa ya narke, wani ya kulle kansa cikin 'yan ƙasarsu, wani ya rasa duka biyun, ba tsuntsu ba tarko. Mai amsa e ga tambayoyin biyu shi bincike ya fi samu da kwanciyar hankali. Na taɓa biyun farko da hannuna. Shekarun farko na kulle, ban da abokin hira sai wanda muka fito wuri ɗaya, hirar kuma kullum aibin mutanen gari. Daga baya na juya na fara gudun nawa. Abin da ya daidaita ni wata takarda ce da na rubuta abu uku waɗanda ba zan saki ba ko da me: imanina, harshena, da haƙƙin iyayena. Sauran duk na yarda a yi ciniki a kansu. Naka ukun ba lallai su zama irin nawa ba, amma kada su kai goma, mai riƙe komai hannunsa ba ya karɓar sabo.

Harshe shi ne inda na fi jin zafi, don haka zan daɗe a kansa. Wata rana muna waya da mahaifiyata, ina ba ta labarin yadda na zuba wa mota mai da galan, sai kalma ta ɓace mini. Ina ganin abin a idona, mai faɗin baki da siririn gindi, sunansa na harshen nan yana kan leɓena, namu kuwa ya ƙi zuwa. Na yi ta "abin nan, abin nan". Ta yi shiru, can ta ce, "Mazurari kake nufi, ɗan nan?" Na ce, "Shi, Inna." Bayan mun ajiye waya na daɗe zaune. Harshen uwa ba ya mutuwa a bakin babba, amma hanyar zuwa ga kalmomi tana cika da ciyawa in ba a bin ta. Maganinta bi: ka saurari rediyo da harshenka kana wanke kwanuka, ka karanta shafi guda da babbar murya kafin barci, in za ka aika saƙo gida ka yi na murya, kada ka cakuɗa.

Ga yara kuwa abin ya fi gaggawa. Masanin harshe Joshua Fishman ya bayyana yadda harshen baƙi ke tafiya cikin zuriya uku: iyaye suna magana da shi, 'ya'ya suna haɗa biyu, jikoki sai na gari kaɗai. 'Yata tana shekara biyar ta fara amsa mini da harshen makaranta. Da farko nakan gyara ta da faɗa, sai ta daina yi mini magana gaba ɗaya in ba dole ba. Na canza. Duk abin da ta faɗa sai in maimaita shi da namu cikin fara'a in ci gaba da hira, ban taɓa sauya harshe da ita ba ko a gaban ƙawayenta. Dabarar tsohuwa ce, tun 1913 wani masanin harshe Bafaranshe, Jules Ronjat, ya rubuta yadda ya reni ɗansa, shi yana masa Faransanci, uwar tana masa Jamusanci. Abin da ya fi komai aiki shi ne kakarta. Kowane ƙarshen mako suna waya su biyu, ni ina fita daga ɗakin, domin in ina nan sai ta mayar da ni tafinta. Kuma kada ka tilasta wa yaro ya ce shi ɗan can ne kawai. Ruth Hill Useem, wadda ta yi nazarin Amurkawa mazauna Indiya a shekarun 1950, ta kira irin waɗannan yara 'ya'yan al'ada ta uku. Suna da tasu duniyar, kewarka ba gadonsu ba ce.

Ka kuma lura da bakinka, ya canza ko ba ka sani ba. Masanin al'adu Edward Hall ya bambanta al'ummomin da ke faɗin komai ɓaro-ɓaro da waɗanda ke barin rabin magana a cikin murya da shiru da fuska. Wanda ya zauna a duka biyun yakan kai salon nan can. Yayana ya taɓa neman wani taimako a waya, na ce masa, "A'a Yaya, ba zan iya ba wannan watan." A wurin aikina wannan gaskiya ce mai tsabta. Shi kuwa wata biyu bai kira ni ba. Ba ƙin taimakon ne ya yi masa ciwo ba, gajartar amsar ce. Yanzu kafin in ɗaga waya nakan tsaya in tambayi kaina da wa zan yi magana, in sassauta harshe daidai da shi. Ban ɗauki wannan fuska biyu ba, ladabi ne.

Ziyarar gida ita ma tana son shiri. Tun 1963 wasu masu bincike biyu, John da Jeanne Gullahorn, suka nuna cewa mai komawa yakan sake shiga irin ruɗanin da ya shiga lokacin da ya fara isa baƙuwar ƙasa, sau da yawa ma ba tare da ya zata ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Yaran da ka bari sun yi aure, ana dariya kan abin da ba ka nan aka yi shi, wurin da kake kewa ya tsaya ne a shekarar da ka tafi. In ka je, ka haɗiye kalmar "a can wajenmu", ba wanda ya aike ka kwatance. Ka yi tambaya fiye da ba da labari. Ka ware kwanaki na zaman banza kusa da iyayenka, ba yawon gaishe-gaishe ba, domin a irin wannan zaman ne ake faɗa maka abin da ba a faɗa a waya.

Akwai kiran da duk mazaunin nesa ke tsoro. Nawa ya zo da asuba, mahaifina, kuma fasfona saura wata huɗu ya ƙare, alhali ƙasashe da yawa, har da wadda zan ratsa, suna neman wata shida. Ban samu ganinsa ba. Ka sabunta fasfonka da wuri, ka ajiye kuɗin tikiti guda da ba ka taɓawa, ka san tun yanzu kwana nawa wurin aikinka ke bayarwa in an yi rashi. In kuwa baƙin ciki ya kai ka mako biyu ko fiye ba barci, ba sha'awar komai, ka ga likita, kada ka ce kewa ce kawai.

Zuwana na ƙarshe, Inna ta rako ni har bakin mota. Shekara goma sha biyar tana sallamata da "Allah ya dawo mana da kai". Wannan karon ta riƙe hannuna, ta dubi jikarta da ke zaune a baya, ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya. Ku gaida gida."