In ka buɗe fot a rauta amma kyamarar shago ta ƙi fitowa a waya

Jama'a, matsalar nan ta sha ni a shagon yayana nan Sakkwato, mun buɗe fot 8000 (ƙofar da waya ke bi ta shigo daga waje) na DVR ɗin Hikvision, wato na'urar da ke naɗar hoton kyamarori, amma daga gida shiru kake ji.

Abu na farko, shiga rauta ta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ka duba WAN IP, wato adireshin da kamfanin layi ya ba rautarka. In ya fara da 10 ko yana tsakanin 100.64 zuwa 100.127 to kar ka wahalar da kanka, kamfanin layi ne ya haɗa ku da yawa a adireshi guda, CGNAT kenan, ko fot ɗari ka buɗe ba abin da zai shigo, sai dai ka nemi IP naka na kanka ko ka koma P2P, wato haɗa waya da DVR ta manhajar kamfanin kyamara ba tare da buɗe fot ba.

In wannan lafiya lau, duba adireshin DVR ɗin. Ana ɗauke wuta a kawo sai rauta ta ba shi sabo, dokar buɗe fot da ka rubuta kuma tana nuni ga tsohon. Ka ɗaure mishi guda a saitin DHCP, inda rauta ke raba adireshi.

A dokar buɗe fot, zaɓi TCP da UDP (hanyoyi biyu na aika data) duka in kana shakka. Rauta biyu a jere? Sai an buɗe a dukkansu.

Wajen gwaji kuma kashe waifai, gwada da datar wayarka.