Yadda za ka ci moriyar kungiyar 'yan lambu

Dan uwa in kana noman rani a bakin dam din Ajiwa ko Sabke a jihar Katsina, don Allah kar ka zauna kai kadai. Je ka wajen shugaban kungiyar yankinku ka yi rajista, ka rika biyan kudin wata, kuma ka rika zuwa mitin.

Kafin shuka ku hada kudi ku sayi taki da iri a sari, injin ban ruwa ma sai ku yi karba-karba. Amma babban amfanin wallahi lokacin da tumatur ya nuna ne, kwandon kowa a hada a cika mota daya zuwa Legas, kudin mota ya ragu, dillali kuma ba zai taya maka yadda ya ga dama ba. Tsutsa in ta bulla ka sanar da wuri a kira malamin gona.