Yadda Ake Ɗaukar Ƙaramar Tarakta a Tirela

1. Haɗa nauyin taraktar da na garma da bokitin gaba, ka gwada da nauyin kayan da aka rubuta a jikin tirelar cewa za ta iya ɗauka. In ya zarce, nemi wata.

2. Tsaya a wuri mai tauri marar gangara. Ɗaura tirelar a mota tukuna, ka ja birkin hannu, ka sa weji a tayoyi. In ba a ɗaure take ba, kanta zai ɗaga sama da zarar tarakta ta taka baya.

3. Kankare lakar da ke tayoyi, don ita ke kawo santsi a kan ƙarfen hawa. Kulle fedar birki biyun wuri ɗaya, ka hau da giya ta ɗaya, kada ka taka kuloci a tsakiyar hawan.

4. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin ya zauna gaban tayoyin tirelar. In ya rinjaya baya, tirela za ta riƙa lilo a titi, kuma gudu ƙara shi yake yi.

5. Sauke bokiti da garma ƙasa, ja birki, zare makulli.

6. Ɗaure da sarƙa ta kusurwa huɗu a jikin shasi, ban da sandar sitiyari da bututun mai. Bokiti a ɗaure shi daban.

Bayan kamar kilomita 15 ka tsaya ka sake tamke sarƙoƙin, sukan saki.